Uwar Tsutsa da Dogon Wake

A cibiyar binciken noma da ke bakin gari, in ka wuce ofishin Darakta da ɗakin ajiyar iri, ka zagaya ta bayan tankin ruwa, za ka tarar da wani ɗaki mai ƙofa biyu, ta katako daga waje, ta raga daga ciki. Ɗakin ƙwari ke nan. Shekara ashirin da tara mace ɗaya ce take buɗe shi kullum da safe, har ranakun hutu, kuma ba mai kiranta da wani suna sai Uwar Tsutsa. Da farko tsokana ce. Wani direba ne ya fara faɗa, ta bi shi da tsintsiya har gindin tanki. Yanzu kuwa in an kira ta da sunan da ke kan takardar aikinta, sai ta waiga ta ga ko da wata ake.

Kiwo take yi, sai dai abin da take kiwon yawancin mutane murtsuke shi suke yi da takalmi. Tsutsar wake ce, koriya, mai cin ganye. Sati biyu tana ci, tana saɓa kamar maciji duk lokacin da fatarta ta yi mata kaɗan, sannan ta dunƙule ta shiga ƙwanso ta yi barcin kwana takwas. Daga nan ta fito da fukafukai, ta zama faɗa-wuta, ɗan toka-tokan nan da ke zagaye fitila. Macen ta zuba ƙwai a jikin takarda, bayan kwana uku ya ƙyanƙyashe, a koma farko. Kusan wata guda ke nan, zuriya guda.

Kada ka ɗauka wasa ne. Duk sabon irin wake da aka haɗa a cibiyar, duk maganin feshi da aka kawo gwaji, a kan 'ya'yanta ake gwadawa, domin su ne tsutsar da tun kakannin kakanninsu ba su taɓa lasar magani ba. Tsutsar gona kuwa wa ya san abin da ta ci jiya? In wani mai digiri uku ya miƙe a taro ya ce maganinsa yana aiki, to kwalaben Uwar Tsutsa ne shaidunsa, ko da bai tuna ya ambace ta ba. Kuma ba ya tunawa.

Da shara ta fara. Wani tsohon Farfesa, wanda ya daɗe da rasuwa, ya shigo wata rana da tsutsa arba'in a cikin kwalba, ya rasa mai taɓa su. Maza uku suka yi ta noƙewa, kowa yana cewa yana da wani aiki. Ita ta jingine tsintsiya ta sa hannu ta ɗauko ɗaya, ta ɗora a tafinta, ta ce, "Wannan ce ake gudu?" Tun daga ranar aka ba ta makulli. Tsutsar da ke ɗakin nan duka jinin arba'in ɗin nan ne, zuriya sama da ɗari uku ba yankewa.

A shekara ta uku ne ɗanta ya rasu, yaro mai shekara huɗu, zazzaɓin kwana biyu. Ta kwanta ta juya wa duniya baya, ba ci ba magana. Mijinta, wanda shi ne mai lambun cibiyar, mutum ne da magana take yi wa wuya, ya rasa ta inda zai ɓullo mata. Ya yi ta zama a bakin gado yana murza hularsa. A rana ta biyar ya ce, "An ce tsutsarki sun ƙi cin ganyen da aka ba su. Sun fara mutuwa." Can ta ce, "Wane ganye aka ba su?" Ya ce na ƙasa. Ta tashi zaune ta ce, "Haba! Na ƙasa?" Ta nemi takalminta. Ba su taɓa tayar da zancen ranar nan ba, ko bayan sun haifi 'yarsu, ko bayan sun aurar da ita. Amma tun daga lokacin, kullum da yamma in sun kama hanyar gida, shi yana tura keke ita tana gefe, sai ya ce, "Ya jikokina?" Ita kuma ta ce, "Sun fi ka cin abinci."

Tana da doka guda, kuma kowa a cibiyar ya san ta: ba mai tsinkar ganyen tsutsa sai ita. A bayan ɗakin akwai 'yar gona da aka kewaye da waya, inda ake shuka gajeren wake don ɗakin kaɗai. Mai Lambu ne yake shukawa, shi yake ban-ruwa, shi yake cire ciyawa. Amma tsinka, ina! Ganye na uku daga sama take cira, wanda bai tsufa ba bai kuma yi ɗanye sharaf ba, da hannun da aka wanke da ruwa zalla, ba sabulu ba mai. Sau nawa ya ce ta bari ya tsinka mata? Sai ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Da wannan hannun, Malam? Hannun da ya wuni cikin taki da man injin ban-ruwa? So kake su yi amai?" Shi kuma ya dubi hannun nasa, ya mai da shi aljihu.

To, gajeren wake iyakarsa gwiwa. Awa guda take yi a sunkuye kowace safiya, ga shekaru sun fara aiko mata da saƙo ta ƙugu. In ta gama sai ta dafa dirkar shingen, ta ɗago a hankali, ta cije leɓe don kada a ji nishinta. A ganinta ba wanda ya lura.

Bana dai waken ya yi abin mamaki. Ya miƙe ya wuce gwiwa, ya wuce ƙugu, har ya kai mata ƙirji, sai da Mai Lambu ya kafa masa sanduna ya ɗaɗɗaure. Ta ji daɗi ƙwarai. Ta ce masa, "Malam, bana hannunka ya yi albarka." Ya sunkuyar da kai yana murmushi, ya ce ƙasar ce ta yi kyau.

Sai ɗaki ya fara lalacewa. Ba rana ɗaya ba, da kaɗan-kaɗan. Tsutsar da ta saba shiga ƙwanso a kwana goma sha huɗu ta kai sha bakwai, ta kai sha tara, tana ci tana ci ba ta ƙiba. Wasu suka maƙale a tsakiyar saɓa, rabin tsohuwar fata a jikinsu kamar yaron da riga ta kama wa kai. Waɗanda suka samu suka fito, da yawa fukafukansu a cukurkuɗe, ba sa iya tashi daga gindin keji. Ƙwai ya ragu, wanda aka zuba ma rabinsa ya lotse bai ƙyanƙyashe ba. Daga ɗari shida suka koma ɗari biyu. Zuriyar da ta biyo baya ko sittin ba ta cika ba.

Ba abin da ba ta yi ba. Ta tafasa kwalabe, ta wanke kantoci, ta canja auduga, ta canja sukarin da ake jiƙa wa faɗa-wuta. Ta daina shafa mai ko a ƙafa. Dakta, wadda ɗakin yake ƙarƙashinta, yarinya ce sa'ar 'yarta, mai tabarau da saurin tafiya, kuma Mama take ce mata. Ita ma ta yi ta feɗe matattun tsutsa tana dubawa a madubin ƙara girma na ɗakin gwaji, ba ta ga cuta ba. Ta auna zafin ɗakin, daidai. Ta kira Mai Lambu ta ce, "Baba, ko an yi feshi kusa da gonar nan?" Ya dafa ƙirji ya ce, "Dakta, guba ba ta taɓa tsallake wayar nan ba. Ko tankin feshin guba ba na bi da shi ta nan." Kuma ba ƙarya ya yi ba, har zuciyarsa.

Darakta ya kira Uwar Tsutsa ofis. Mutumin ba mugu ba ne, sai dai irin mutanen nan ne da suke tsammanin in sun tausasa murya magana ta daina zafi. Ya ba ta kujera, ya ce saura wata biyu ta yi ritaya, ta yi ƙoƙari, kowa ya shaida. Ya ce ido da hannu suna gajiya, ba laifin kowa ba ne. Ya ce in zuriyar ta ƙare, ba za a sake farawa ba, ɗakin za a mai da shi wurin ajiyar buhuna. Ta ce, "To, ranka ya daɗe." Ta fito ta zauna a bayan tanki, ta yi kukan da rabonta da irinsa tun rasuwar yaron. Ba ritayar ce ta dame ta ba. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne a ce abin da ta riƙe shekara ashirin da tara a hannunta ya mutu, ana saura wata biyu ta miƙa shi.

Akwai abin da Darakta bai sani ba, Dakta ma ba ta sani ba. Da abin ya tsananta, Uwar Tsutsa ta yi abin da doka ta hana. Ta zaci cuta ce a ɗakin, don haka ta yanki ɗan guntun takarda mai ƙwai, bai fi farcen babban yatsa ba, ta naɗe a hankici ta tafi da shi gida. Goma sha biyu suka ƙyanƙyashe a cikin kwalba a kan kabad, bayan rediyo. A gida ma Mai Lambu yana da wakensa, a cikin tsofaffin bokitai shida da ya jera a kan katanga saboda akuyar maƙwabta, wadda ta rantse ba za ta bar koren abu a tsakar gidan nan ba. Da shi take ciyar da su. Ɗaya ta mutu. Sha ɗaya suka ci suka yi ɓul-ɓul, kwana goma sha huɗu cif suka shiga ƙwanso, kamar ba a taɓa yin wata masifa ba.

Wannan ya ƙara rikita ta. Ƙwai ɗaya, uwa ɗaya, hannu ɗaya ke ba su abinci. Me gidanta yake da shi da ɗakin gwamnati ba shi da shi, in ban da hayaƙin girki da ihun rediyo?

Wata safiya ta shiga 'yar gonar cibiyar da kwanonta, ta fara tsinka a tsaye kamar yadda ta saba a watannin nan. Ganyen ya zo hannunta da laushi, faffaɗa, korensa ya yi fari-fari kamar an wanke. Ta tsaya. Na gida ba haka yake ba. Na gida ƙarami ne, mai duhu, mai kauri, kuma yana nan gajerensa, bai wuce kamu biyu daga bakin bokiti ba. Alhali iri ɗaya ne. Ita da kanta ta ga Malam yana ɗiba daga gwangwani ɗaya. Ta dubi karan, siriri, gaɓa ta yi nesa da gaɓa. Ta dubi tsummokaran da aka ɗaure shi da su a jikin sanda, ta gane shuɗiyar rigarsa ce da ta tsufa, ya yayyage ta. Sai idonta ya kai kan dirkar shingen, wurin da tafinta ya goge har ya yi santsi. Gizo-gizo ya yi saƙa a wurin. Wata uku ke nan ba ta dafa ta ba.

Ta ajiye kwanon a ƙasa ta nufi rumfar kayan aiki.

Yana zaune a kan buhu yana wasa almakashin aske shuka. Ta tsaya a kansa ta ce, "Malam, me ka ba waken nan?"

Ya ce, "Ruwa."

"Da me?"

"Da taki."

"Malam, dube ni. Da me?"

Ya ajiye almakashin. Ya miƙe ya sa hannu bayan wasu tukwanen reno, ya ɗauko wata 'yar farar kwalba ya riƙe ta da hannu biyu. Ya ce ragowar gwajin bara ce, maganin girman shuka. Shi ya fesa wa masu gwajin da hannunsa, ya ga yadda gajeriyar shuka take miƙewa cikin sati biyu kamar ana jan ta da igiya. Da aka gama aka ce ya zubar, bai zubar ba.

Ya ce, "Ba guba ba ne. Wallahi na tambaya tun bara. Suka ce ba ya kashe komai, ita shukar ma da kanta take yin irinsa a jikinta. Sabon tanki na sa, wanda bai taɓa ganin guba ba. Murfi ɗaya nake zubawa, sau biyu a sati." Sannan ya ƙara, "Da kika ce hannuna ya yi albarka, sai na mai da shi murfi biyu."

Ta ce, "Don me? Wa ya aike ka?"

Ya ce, "Ina ganinki kina dafa dirkar nan. Kin hana ni tsinka. Na ce to, tunda ba za ki bari in sunkuya miki ba, bari waken ya taso ya same ki."

Da ta yi shiru na minti ɗaya, da abin da za ta faɗa daban ne. Amma wata uku tana kwashe gawa da buroshi, an kira ta tsohuwa cikin ladabi, ta yi kuka a bayan tanki. Bakinta ya riga ta. Ta ce, "Ka kashe min 'ya'ya."

Kai, maganar nan ba ta yi kyau ba. Tana fita ta ji nauyinta, don a gidan nan kalmar tana da wani wurin da take taɓawa. Shi ne ya ɗauki yaron a kafaɗa zuwa asibiti a wancan lokacin, shi ne kuma ya dawo da shi. Ya dubi kwalbar, ya dubi ƙasa. Can ya ce, "Mu je wurin Dakta. Ni zan faɗa da bakina."

Dakta ta saurare shi har ya gama, ta karɓi kwalbar ta karanta jikinta, ta cire tabarau ta murza ido. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Baba, ba su yi maka ƙarya ba, ba su kuma gaya maka duka ba. Abin nan saƙo ne. Shuka tana yin ɗan kaɗan a jikinta, shi yake ce wa kara ya miƙe. Tsutsa ma tana da irin nata saƙon a jiki, wanda yake ce mata yanzu ki yi saɓa, yanzu ki shiga ƙwanso, yanzu ki yi ƙwai. An sha gwadawa a wasu ƙwarin, an ga in sun ci na shuka da yawa sai lissafin jikinsu ya rikice, girma ya yi jinkiri, ƙwai ya ragu. Wasu kuma ko a jikinsu. Ga shi ganyen kansa ya canja, ya yi faɗi amma mai yiwuwa ba shi da ƙarfin abinci kamar da. Wanne ne ya fi yi musu illa, ban sani ba sai na gwada. Ba ya kashewa yau kamar guba, shi ya sa ban neme shi ba. Ni ma kullum ina wuce waken nan, ban taɓa tambayar me ya sa ya yi tsawo ba."

Ta jawo takarda ta tambaye shi murfi nawa, ruwa nawa, wace rana ya fara. Ya faɗa mata tiryan-tiryan, ko rana ɗaya bai manta ba. Sannan ta ajiye biro ta ce, "Amma Mama, ina tsoron mun makara. Na cikin ɗakin nan da wuya su ba mu ƙwai mai rai."

Uwar Tsutsa ta gyara mayafinta, ta yi gyaran murya, ta ce, "Akwai sha ɗaya a kan kabad ɗina."

Dakta ta dube ta ta saman tabarau. "A gida?"

"A gida."

"Mama, kin san an hana."

"Ni na manna takardar hanin a ƙofa."

Dakta ta rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunta suna girgiza, ba ka iya cewa ko dariya take ko kuka. Ta ce, "Ku biyun nan za ku kashe ni. Don Allah a je a ɗauko su, a hankali, kada a bi da su ta hanyar ramuka."

An gaya wa Darakta komai, don Dakta ba ta iya rufa-rufa ba. Aka ba Mai Lambu takardar gargaɗi, ta farko a rayuwarsa. Ya ninke ta huɗu ya sa a cikin hula. Game da ɗakin kuwa Darakta ya ce maganarsa tana nan: in sha ɗayan nan sun ba da zuriya, ɗaki ya tsaya, in ba su ba da ba, buhuna suna jira.

A ranar Mai Lambu ya tumɓuke dogon waken duka, shi kaɗai, ya kwashe ƙasar sama ya zubar can bayan cibiyar, ya shuka sabo. Amma sabon ba zai ba da ganye ba sai bayan sati uku. Don haka ya yi sawu uku da keke, ya kwaso bokitai shidan nan daga kan katangar gida, ya jera su a ƙasa a inuwar tanki. Ko a kan benci bai ɗora su ba. Ya ji tsoron dabara, kowace iri ce.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi musu tsawo. Na cikin ɗakin suka ƙare ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda Dakta ta faɗa. A gida tana zuba masa abinci ya ci, ya ce an gode, ta ce ba komai. Da yamma suna tafiya, keke a tsakaninsu, ba mai cewa uffan. Bai sake tambayar jikoki ba. Sau biyu ta buɗe baki za ta ce ya yafe mata, sai ta ji in ta fara dole ta ambaci yaron, sai ta tambaye shi ko ya kulle rumfa. Tana jin kunyarsa, tana jin tausayinsa, kuma har yanzu da sauran haushi. Duka ukun suna zaune a ƙirjinta ba wanda ya ba wani wuri.

Cikin ƙwanso sha ɗaya, tara suka fashe. Ta duba su ɗaya-ɗaya, fukafukai a miƙe sumul, ta ce alhamdu lillahi. Amma bakwai maza ne. Mata biyu kacal, kuma ɗaya ta faɗa cikin ruwan sukari a rana ta biyu ta mutu, sakarya, bayan duk wahalar da aka sha a kanta. Saura ɗaya. Shekara ashirin da tara ta dawo kan wata 'yar toka-toka da ba ta kai ɗan yatsa ba, wadda ta lafe a kusurwar keji ta ƙi motsi. Uwar Tsutsa ta jawo kujera tana yi mata magana ƙasa-ƙasa. "Haba 'yar nan. Maza bakwai, ki ce duk ba wanda ya yi miki? Ni ɗaya na samu, ga shi ina maneji."

A safiya ta uku ta tarar da ƙwai a jikin takarda, jere-jere kamar an yi ɗinki. Ba ta yi murna ba tukuna, don na baya ma an zuba, lotsewa suka yi. Kwana ɗaya, suna nan farare. Kwana biyu, suka yi ruwan ƙasa. Dakta ta leƙo sau biyar a ranar, kowane zuwa da wata hujja daban, wai biro ta manta.

Rana ta uku da safe Uwar Tsutsa ta buɗe ƙofar katako, ta buɗe ta raga, ta kunna fitila. Ta tsaya nesa da kwalbar ta kasa ƙarasawa. Ta yi bismilla, ta matsa, ta ɗaga ta wajen haske. Da farko ba ta ga komai ba sai takarda. Sannan takardar ta motsa. Ƙanana ne kamar gashin ido, kowace da ɗigon baƙin kai, suna ta ɗaga shi sama suna neman abinci. Ta ɗauki buroshinta ta fara ƙirgawa, ta kai ɗari da wani abu hawaye ya ɓata mata lissafi. Ta bar shi, ta goge fuska da gefen mayafi. Jariran nan ba sa jira, in ba su ci cikin 'yan awoyi ba sun tafi.

Ta ɗauki kwano ta fita wajen tanki. Bokitan suna jere a ƙasa, ganyen can ƙasa da gwiwarta. Mai Lambu yana tsaye nesa, jikin shingen waya, hannayensa a baya. Kullum nan yake tsayawa tun da abin ya faru, ba ya matsowa, ba ya kuma tafiya. Ta dubi bokitan. Ta sa hannu a ƙugu za ta sunkuya, sai ta fasa.

Ta ce, "Malam."

Ya ce, "Na'am."

"Jikokinka sun fito. Yunwa suke ji."

Ya cire hula, takardar gargaɗin ta faɗo, ya bar ta a ƙasa. Ta miƙa masa kwanon. Ya dubi kwanon, ya dube ta, bai karɓa ba, don bai yarda da abin da yake gani ba.

Ta ce, "Karɓi mana, hannuna ya gaji. Je ka wanke hannu, ruwa zalla."

Ya fito da hannayen daga baya ya nuna mata. Tas suke, har ƙarƙashin farce, fatar ta yi yaushi don jiƙa. Ya ce, "Na wanke. Kullum sai na wanke kafin ki fito, ko da za a ce a taimaka."

Ta kau da kai ta dubi tanki, ta daɗe tana dubansa kamar yau aka kafa shi. Sannan ta ce, "Sake wankewa."

Ya je famfo ya sake wankewa. Ya dawo ya durƙusa gaban bokitin farko, gwiwoyinsa suka yi ƙara, don shi ma ba yaro ba ne. Ta ce, "Na uku daga sama." Ya ce, "Na sani. Shekara ashirin da tara ina kallo." Ya tsinko na farko ya miƙo mata. Ta juya shi gaba da baya, ta sansana, ta sa a kwano. Sannan ta ɗora tafinta a kafaɗarsa ta bar shi a nan, shi kuma ya ci gaba da tsinka.